Ɗalibi ne ni, ina son koyon haɗa kiɗa a kwamfuta: daga ina zan fara?

Ɗan Aji Biyu ya rubuta:

Assalamu alaikum, yayyena. Ni ɗalibi ne a aji biyu na jami'a, ina son koyon haɗa kiɗa a kwamfuta irin su amapiano, amma da ɗanɗanon gida, musamman kalangu. Kayana su ne laftof Core i5 mai RAM 8GB, iyafis na Bluetooth, sai waya. Na sauke manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ta gwaji, wani aboki kuma ya tura min samfura, wato guntayen sautuka da aka riga aka ɗauka, kusan gigabait 6. Abu uku ke damuna. In na danna maɓalli sautin sai ya makara, wani lokaci ya riƙa ƙaraf-ƙaraf. In na ɗora luf biyu, wato guntun kiɗan da ke maimaita kansa, sai su yi ta karo kamar makaɗan da suka yi faɗa. Bes ɗin, wato sautin ƙasa mai kauri, da nake ji a kunne kuma yana ɓacewa in abokai suka kunna a waya. Aljihuna na ɗalibi ne. Me zan fara gyarawa, me ya kamata in saya?

Injiniyan Sauti ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Laftof ɗinka ta wadatar. Makarar sautin yawanci daga iyafis ɗin ne, domin Bluetooth kan jinkirta sauti fiye da milisakan 100, kuma babu saitin da zai gyara wannan. Nemi hedfon mai waya, ko mai araha ne. Shi ne sayayyarka ta farko.

Bayan haka danna F10, ka shiga Audio, ka zaɓi FL Studio ASIO a matsayin direba. Nan za ka ga girman bafa, wato yawan ɗigon sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta tura shi kunne. Lissafinsa mai sauƙi ne: raba girman bafa da 44,100, yawan ɗigon sauti a sakan ɗaya. Bafa 256 na ba da jinkirin milisakan 5.8, 512 na ba da 11.6, 1024 kuma 23.2. Ƙaramin bafa na rage makara amma yana wahalar da injin kwamfuta, kuma idan injin ya kasa cika bafa a kan lokaci, shi ne wannan ƙaraf-ƙaraf ɗin. Don haka sa 256 lokacin da kake buga kiɗa da hannu, ka ɗaga zuwa 1024 lokacin gauraya sauti, tunda a nan makara ba ta da illa. Ka jona caja, ka sa Windows a kan High performance, domin a kan batir tana rage gudun injin. Kada ka ɗora laftof a kan katifa, zafi ma yana sa ta rage gudu da kanta, balle a watan Afrilu.

Ka san wannan tun yanzu: FL na gwaji yana barin ka adana aiki ka kuma fitar da WAV ko MP3, amma ba zai sake buɗe aikin da ka adana ba sai ka saya. Wanda ke zaune inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan za ka saya, Producer Edition ne mai ɗaukar murya, kuma Image-Line ba ta sake cajin kuɗi a kan sabbin fitowa. Idan babu hali, Reaper na ba da gwajin kwana 60 ba tare da an rage komai ba, lasisinsa na mutum ɗaya dala 60 ne. LMMS kyauta ne gaba ɗaya kuma tsarinsa ya yi kama da na FL. Kwafin sata da aka fasa kuwa ban ba ka shawara ba, sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa, ga shi a laftof ɗin da furojet ɗinka na makaranta yake ciki. Duk wanda ka zaɓa, ka zauna a kansa zangon karatu guda kafin ka leƙa wani.

Hajiyar Miksa ta amsa:

Ɗan uwa, ni kan karon luf zan tsaya, don nan ne yawancin masu koyo ke karaya. Kowane luf yana da abu biyu da ya zo da su: gudunsa da maɓallin muryarsa. Galibi a sunan fayil ake rubuta su, misali 100bpm Am, wato bugu 100 a minti, a maɓallin A minor. Idan aikinka yana kan 112, wanda shi ne tsakiyar gudun amapiano, luf mai 100 ba zai taɓa zama daidai ba sai an ja shi. Danna ɗan alamar da ke kusurwar hagu ta sama a kan luf ɗin, ka zaɓi Fit to tempo, ka rubuta ainihin gudunsa.

Ga tarkon. A saitin samfur akwai Mode. Idan yana kan Resample, gudu da murya tare suke tafiya kamar kaset ɗin da aka ƙara wa sauri: daga 100 zuwa 112 muryar za ta hau kusan rabin-murya biyu (rabin-murya shi ne tazarar maɓalli da na kusa da shi a fiyano), luf ɗin Am ya kusa zama Bm, sai ka ji kiɗa yana tsami ka rasa dalili. Sa shi a Stretch, gudun ya canza muryar ta tsaya. Amma kada ka ja luf fiye da kima, tazarar da ta wuce 10 zuwa 15 takan sa ganga ta yi laushi kamar an jiƙa ta. Idan maɓallan sun bambanta, juya Pitch: kowane sent 100 rabin-murya ɗaya ne, daga Am zuwa Gm ka sauke 200.

Haka samfurin bes guda ɗaya. FL yana ɗauka duk abin da ka jefa masa harafin murya C5 ne. Idan asalin samfurin F ne, duk abin da ka zana a Piano roll, allon da ake zana muryoyi, ƙarya ne. Ɗora Tuner a kansa ka ga harafin gaskiya, sannan ka danna dama a kan wannan maɓallin a madannin da ke cikin saitin samfurin. Ka kuma danna dama a kan tashar ka kunna Cut itself, don kada sautin baya ya hau kan na gaba su yi gurnani.

Gigabait shidan nan kuma nauyi ne kawai. Buɗe jaka sabuwa ka zuba kik (bugun babbar ganga) 5, tafi 5, kacau-kacau 5, bes 3, ka rufe sauran. Ka kuma tambayi inda aka samo su. Samfurin da aka yanko daga waƙar wani yana da haƙƙi biyu, na mai waƙar da na mai faifan, kuma Content ID, tsarin YouTube na bin diddigin haƙƙin mallaka, kan gano su. Maganar cewa sakan kaɗan ba laifi ba ne, zancen shan shayi ne. A Freesound kowane sauti da lasisinsa: CC0 ka yi yadda ka so, CC BY sai ka ambaci mai shi, mai NC kuma ba na kasuwanci ba ne.

Mai Kalangu ya amsa:

Hajiya ta yi bayani, amma a kan kalangu ina da ja. Kada ka bi da shi yadda ake bi da kik, wato ka yanko bugu ɗaya ka jera a akwatuna 16 na jera bugu a FL. Daɗin kalangu a matsar tsarkiya yake, muryar na hawa tana sauka a cikin bugu guda, shi ya sa yake magana. Ka yanke shi bugu-bugu, ka kashe maganar. Nemi makaɗi ka biya shi, ku yi magana a fili cewa za ka saki abin da aka ɗauka, ka sa masa hedfon yana jin kik ɗinka a kan gudun da kake so, ya buga jimloli masu tsawon bar 2 ko 4, kowane bar taku huɗu. Jimlar za ka yanka sukutum.

Kiɗanmu da yawa uku-uku yake tafiya a cikin kowane taku, akwatunan FL kuwa huɗu-huɗu ne. In ka tilasta masa hawa layin huɗu sai ya yi ɗingishi. Canza Snap zuwa 1/3 beat, kuma kada ka daidaita kowane bugu a kan layi, wannan 'yar gocewar ita ce hannun makaɗin.

Wayarka za ta iya ɗaukar sautin. Nemi manhajar da ke ɗauka a WAV, ka ajiye wayar kamar kamu biyu daga bakin gangar, a ɗaki mai katifa da labule, fanka a kashe. Ƙarfin sauti kada ya haura -6dB, domin in ya bugi sifili ya fashe, babu magani. Kada ka tura fayil ɗin a matsayin saƙon murya na WhatsApp, matse shi yake yi, tura shi a matsayin Document ko ta kebul. In ka ji "ƙyas" a bakin yanka, ka yanke ne a tsakiyar igiyar sauti, sa ɗan lafawa na milisakan 3 zuwa 5 a farko da ƙarshe. Ranar da ka sayi makirfo kuma ka ji gunji a ƙasan sauti, wutar 50Hz ce ke shigowa, musamman ta janareta. Cire caja ka ɗauka a kan batir.

Ɗan Aji Biyu ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, na canza Mode zuwa Stretch kuma tsamin ya tafi. Saura bes ɗin da ke ɓacewa a waya. Sannan wane makirfo zan tara wa kuɗi?

Injiniyan Sauti ya amsa:

Madalla. Bes ɗinka yana nan, wayar ce ba ta iya furta shi. Harafin A na ƙasa 55Hz ne, lasifikar waya kuwa da ƙyar take fitar da abin da ke ƙasa da 200Hz. Ƙara masa ƙarfi ba zai taimaka ba, sai dai ya cinye wurin sauran kayan. Abin yi shi ne ka ɗan gurɓata shi da Fruity Fast Dist ko Fruity Waveshaper. Gurɓatawar na haifar da 'ya'yan sauti a 110, 165, 220 har sama, waya ta fitar da waɗannan, kunne ya cike uwar da kansa. Kaɗan za ka sa, har sai ka fara jin sa a waya, ka tsaya. Shi ya sa log drum, bes ɗin amapiano, ke fitowa ko a ƙaramar waya, yana da ƙwanƙwasa a samansa. Yana nan a cikin jerin sautukan Fruity DX10, ba sai ka sauke komai ba.

Tura kowace tasha zuwa layinta a miksa da Ctrl+L. Duk abin da ba kik ko bes ba, yanke masa ƙasa da 100 zuwa 120Hz da Parametric EQ 2. Kalangu ka yi masa a hankali, fara daga 80 kana saurare, kada ka rage masa ciki. Bes ya zauna a tsakiya, ba a baza shi hagu da dama. Idan kik da bes na faɗuwa lokaci ɗaya, yi saidcen da Fruity Limiter, wato bes ya riƙa durƙusawa 3 zuwa 4dB duk sanda kik ya buga. Kafin ka sa wani abu a Master, layin da duk sautuka ke haɗuwa, kololuwar sauti ta tsaya wajen -6dB. A ƙarshe auna da Youlean Loudness Meter, yana da na kyauta. Spotify kan daidaita ƙarfin waƙoƙi a kan -14 LUFS, ma'aunin ƙarfin sauti a kunne, don haka matse kiɗa har ya shaƙe ba ya ƙara maka komai a can. Bar rufin kololuwar sauti a -1dB saboda juyawa zuwa MP3.

Makirfo kuwa, a hostal irin da ake kira dainamik ya fi irin kondensa. Kondensa na buƙatar wutar 48V, kuma zai kwaso hirar maƙwabta da ƙarar bokiti a famfo. Dainamik da ƙaramin akwatin sauti da ke haɗa makirfo da kwamfuta, mai shigar makirfo ɗaya, irin Behringer UMC22 sun ishe ka. Amma ka jinkirta sayen har ka kammala kiɗa goma masu tsawon minti biyu, kowanne da shiga, da jiki, da wurin da ganga ke ɗaukewa ta dawo. Kowanne ka fitar da WAV ɗinsa, ka kuma adana aikin a matsayin Zipped loop package a filashi, domin shi ne ke tattara samfuran tare da aikin. Ka ɗora na farkon a nan mu ji yadda kalangun ya zauna da log drum ɗin.