Neman shawara: kunama mai hawa biyu ga bindigar harbin nesa, wacce zan saya kuma ya ake ɗaura ta?

Bakatsine_TX:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masu harbin nesa a cikinmu ku taimaka min da shawara. Ina da Remington 700 mai cin harsashin .308, na cire ta daga katakon da ta zo da shi na sa ta a shasin alminiyam na ɗora mata madubin saiti mai kyau, a yadi 100 in ina kwance ko a kan benci tana tara harsashi wuri ɗaya lafiya lau. To yanzu na fara shiga ƙananan gasa irin na PRS, wato gasar harbin nesa ta Precision Rifle Series, da ake yi a nan Texas, inda za a ba ka kamar sakan 90 ka harbi farantan ƙarfe daga kan shinge ko taya ko tsani, jiki ba a kwance ba, a nan ne nake ganin saitina yana gocewa daidai lokacin da nake matsa kunama. Kunamar da ta zo da ita ta farauta ce dama da nauyinta aka yi ta, mun gwada a ma'aunin wani abokina ta kusa laba 4.

Shi abokin nawa Tikka T3x TAC A1 gare shi, ya ba ni na taɓa, tata kunamar hawa biyu ce, ka ja ta taho a hankali ta tsaya cak, ka ƙara kaɗan ta tashi. Wallahi abin ya kwanta min a rai sosai. Tambayata, wacce zan saya a cikin masu hawa biyun nan, ina ta ganin TriggerTech da Timney da Bix'n Andy duk kowa yabon tasa yake, sannan nauyi nawa ya kamata in saita ta, kuma zan iya ɗaurawa da kaina a gida ko dole sai na kai wa maƙerin bindiga? Ba na son abin da zai tashi da kansa. Na gode.

Tsohon_Maharbi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a zo maganar kamfani fara duba wacce za ta shiga bindigarka, don a nan mutane suka fi asarar kuɗi. Ƙirar 700 tun 1962 take kuma kamfanoni da yawa sun kwaikwayi tsarinta, shi ya sa za ka ga an rubuta kunama ta 700 ce amma kala kala ce. Leƙa cikin zoben kunamarka, in akwai ɗan maɓalli a gabanta wanda kake dannawa sakata ta fita, wato ƙarfen nan da kake ja baya ka tura ya sa harsashi, to dole ka sayi mai wannan harshen na sakin sakata a jikinta. Irin su Bergara B-14 da yawancin na musamman da ake ƙerawa don gasa, nasu maɓallin a gefen bindigar yake, su ba sa buƙata. Sai ka duba ta dama ce ko ta hagu, sai kuma sefti, wato makullin da ke hana ta tashi, akwai waɗanda ake sayarwa babu sefti sam don masu harbin benci, kar ka ko kalle su tunda kai da bindiga a hannu za ka riƙa tashi daga wannan wuri zuwa wancan.

Maganar nauyi kuma ga yadda abin yake. A mai hawa biyu nauyin rabuwa yake gida biyu, misali hawa na farko laba 1, na biyu ya ƙara laba 1, jimla laba 2 kenan wajen giram 900, amma yatsanka in ya riga ya ɗauke na farkon ya jingina da bango, wato inda kunamar take tsayawa cak, abin da ya rage masa laba 1 ne kawai. Ka ga ka samu sauƙin kunama mara nauyi alhali ba taɓawa ɗaya za ta tashi ba. Kuma in iska ta canza ko saitin ya goce sai ka saki ta koma, babu abin da ya faru. Dalilin da ya sa bindigogin soja na da irin su Mauser 98 da Lee-Enfield da M1 Garand duk hawa biyu ne kenan, har yau ma Accuracy International da Sako TRG da ita suke fitowa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne bangon nan ya zama kana jinsa sosai. Mutum ya sa hawa na farko da nauyi na biyu kuma oza 3 ko 4, a gida yana jin daɗi, ranar gasa zuciya na bugawa agogo na tafiya sai ya ja ya wuce bangon bai ma san ya iso ba, harsashi ya tafi kafin ya shirya, kuma a gasa irin wannan harbin na iya sa a sallame ka gaba ɗaya. Ni dai shawarata ga mai farawa jimla laba 2, a raba kusan daidai, ka yi wata biyu uku a haka tukunna. Kar lambobin da kake gani a intanet su ruɗe ka, masu gasar bindigar soja ta CMP, ƙungiyar koyar da farar hula harbi a Amurka, doka ta hana su sauka ƙasa da laba 4.5 kuma a haka suke harbin yadi 600.

Kamfanonin da ka lissafa duk suna aiki. TriggerTech 'yan Kanada ne, wani ɗan ƙarfe mai mirginawa suka sa a tsakani maimakon ƙarfe ya goge ƙarfe, saitin nauyinta da alanki ne yana ƙas ƙas kana ƙirgawa, ga wanda bai saba ba ita ta fi sauƙin sha'ani a ganina. Timney na Arizona tsofaffin hannu ne tun 1946. Bix'n Andy daga Ostiriya take, da ƙananan ƙwallayen ƙarfe take aiki, tana da laushi ƙwarai kuma ana iya canza tsayin ƙugiyarta ta sama, wato ƙarfen da ke riƙe allurar da ke bugun harsashi, ta dace da bindigarka, sai dai wuraren saitinta sun fi yawa, mai wuraren saiti da yawa kuwa ta fi son hannun da ya sani. Ka tanadi tsakanin dala 200 zuwa 400.

Dan_Minnesota:

Baba Tsohon Maharbi ya gama magana amma ni ina da ɗan ja a wuri ɗaya, a yi min afuwa. Gasar da nake zuwa yawancin waɗanda nake gani a sama hawa ɗaya suke amfani da ita mara nauyi, saboda a kan shinge saitin naka yawo yake yi a kan farantin, dama ce ke zuwa ta wuce, wasu suna ganin ɗauke hawa na farko a kowane harbi ƙarin aiki ne a cikin sakan 90. Don haka Malam Bakatsine kar ka ɗauka hawa biyun ce za ta gyara gocewar nan ita kaɗai, saukowa daga laba 4 zuwa 2 ko da hawa ɗaya ce za ka ga bambanci babba, sauran kuma yadda kake ɗora bindigar a kan jakar yashi ne da yadda kake jan yatsa kai tsaye baya.

Inda na yarda da hawa biyu ɗari bisa ɗari shi ne sanyi. Mu nan watan Janairu yatsa mutuwa yake yi ko da safar hannu, ba ka jin lokacin da ka taɓa kunama, wannan tafiyar ta farko ita ke gaya maka ka iso. In bindigar nan da ita za ka riƙa farautar barewa ma to hawa biyun ta fi maka. Ka samu ka taɓa na mutane a filin harbi kafin ka biya kuɗi, har da siffar harshen da yatsa ke ja, akwai mai lanƙwasa akwai miƙaƙƙe, ba wanda zai hana ka in ka tambaya da ladabi.

Bakatsine_TX:

Na gode Baba, na gode ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri. Na duba, maɓallin yana cikin zoben a gaban kunama kuma ta dama ce. Eh da ita nake fita farauta lokacin sanyi, don haka hawa biyun dai zan tsaya a kai, jimla laba 2 kamar yadda Baba ya ce. Saura maganar ɗaurawa, wa ya taɓa yi da hannunsa?

Injiniya_308:

Malam ɗaurawa a 700 ba wuya, fil biyu ne kawai suke riƙe da kunamar, wahalar tana wajen gwajin da za ka yi bayan ka gama kuma shi ne mutane suke tsallakewa. Fara cire magazin, wato gidan harsasai, buɗe sakata ka cire ta, leƙa ɗakin harsashi da ido ka sa yatsa, harsasai kuma a kai su wani ɗaki daban ba a kan teburin ba. Kwance notina biyun da suka haɗa bindigar da shasi ka ɗago ta. Kafin ka taɓa komai ɗauki hoto da waya ta gefen hagu, domin fil na baya ba kunama kaɗai yake riƙewa ba, shi ke riƙe da ƙarfen da ke tare sakata da ɗan siririn sifirin ɗinsa, in ka buge shi ya fita gaba ɗaya sifirin ɗin tsalle zai yi ka wuni kana nema a ƙasa. Tura shi iya yadda kunamar za ta saku ka bar shi a nan. Ƙaramar guduma da ƙarfen bugun fil daidai girmansa, bugu a hankali, ta wane gefe za ka buga kuma bi takardar da ta zo a kwalin. Tsohuwar in ta fito ƙugiyarta da sifirin ɗinta za su iya zubowa, tattara su a leda ka ajiye.

Sabuwar ta zauna ramuka su yi daidai kafin ka mayar da fil, in ka ji sai ka yi dukan ƙarfi to wani abu bai zauna ba, tsaya ka duba. Mayar da sakata ka gwada maɓallin, in ka danna ta fita, in ba ka danna ba ka ja ta baya da ƙarfi ta tsaya. Sannan wurin da shasi yake ba mutane matsala, jikin sabuwar kunama wani lokaci ya fi tsohuwar faɗi, ko sandar sefti ta riƙa gogar bangon shasin, ko harshen ya taɓa ƙasan zobe. Abin da ya taɓa kunama daga waje zai iya hana ƙugiya kamawa sosai. In akwai gogayya shasin ake ragewa, kunamar ba a sa mata fayil ko sanfefa ko kaɗan. Notinan shasi ka ɗaure da ma'aunin ɗauri yadda mai shasin ya rubuta, da yawa inci-laba 65 suke cewa amma duba naka.

Yanzu gwaji, bindiga babu harsashi bakinta na kallon inda ba kowa, kuma a yi shi bayan an haɗa komai an ɗaure ba kafin ba. Rufe sakata da ƙarfi da sauri kamar kana cikin gasa, ka maimaita sosai, kowane karo ka tabbata tana ɗane allurar ba ta bi sakata ta sauka ba. Ɗana ta ka sa sefti ka ja kunama da ƙarfi, kar ta tashi, ɗauke yatsa ka cire sefti, nan ma kar ta tashi, wannan na biyun shi ya fi muhimmanci. Ɗana ta ka cire sefti ka buga gindinta a ƙasa a kan kafet, ka bubbuga gefenta da tafin hannu. Sai na hawa biyu na musamman, ja zuwa bango ka saki, harshen ya koma gaba gaba ɗaya da kansa, sannan ka sake buga gindin. In ta faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ko sau ɗaya ne, kar ka sa mata harsashi, ƙara nauyi ka sake, in ta kuma to sai wajen maƙeri. Duk lokacin da ka taɓa notin saiti gwajin nan sabo ne daga farko.

Ka sayi ma'aunin kunama naka, na Lyman ko Wheeler, ka ja kamar sau biyar ka ga lambar tana zama kusa da juna. Ka lura kuma da yadda sakata take rufuwa, in ta ƙara tauri fiye da da, ko a fili ka ga harsashi ya ƙi tashi alamar allura a gindinsa ba zurfi, tsayin ƙugiyar bai dace da bindigarka ba ne, wannan kira kamfanin ko ka kai wa maƙeri.

Kar ka zuba mata mai, kar ka ɗiga gam a notinan saiti sai in takardar ta ce a yi. Mai yana kama ƙura ya daskare, ku kuma Texas ƙura ba ta muku kaɗan. A 2014 Remington da kansu sun nemi a dawo da bindigogi masu kunamar X-Mark Pro da aka ƙera daga 2006 zuwa 2014, saboda gam da ya yi yawa a ciki yana iya sa ta tashi ba a ja ba, ka ga ɗan abu kaɗan ne a wurin nan yake jawo babbar magana. In kana wanke bututu sa abin da ke tare ruwan wanki kar ya gangaro cikinta.

Tsohon_Maharbi:

Injiniya Allah ya ƙara basira, haka abin yake. Ƙanena in ka ɗaura da kanka ba laifi, amma tunda karon farko ne ka biya ta wajen maƙerin bindiga ya duba maka kafin ka sa harsashi, kuɗin kaɗan ne. Ranar farko a fili kuma harsashi ɗaya ɗaya za ka riƙa sawa, bakin bindiga na kallon tudun da ake harbi lokacin da kake rufe sakata. Kafin ranar ka yi ta jan ta babu harsashi a gida minti goma kullum, ka ɗora ta a bayan kujera kana kallon wani ɗigo a bangon ɗaki ta madubi, ka ja zuwa bango ka tsaya ka saki, ka ja ka tsaya ka ƙarasa, har yatsan ya san wurin da kansa. Kuma ko da wace kunama ce, sakata a buɗe take in za ka tashi daga wuri zuwa wuri.

Bakatsine_TX:

In sha Allah haka zan yi Baba. Na yi odar mai harshen sakin sakata ta dama da sefti a sama, da ma'aunin Wheeler. Injiniya in ta iso zan turo hoton yadda ta zauna a cikin shasin ka duba min gefen seftin kafin in ɗaure notinan.