Aikin dare na neman kayar da ni

Sabuwar Nas: Assalamu alaikum. Wata 4 ke nan da na fara aiki a sashen yara, aikin dare kuwa na neman kayar da ni. Shekaranjiya wajen ƙarfe 4 na asuba ina lissafin ɗigon ƙarin ruwa, sai na ga lambobin suna rawa a idona. Sau uku ina sake ƙirgawa. Yayyena, yaya kuke yi?

Maman Biyu: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Tsakanin 3 da 5 na asuba jiki ya fi mutuwa, kowa haka yake ji. Ki samu barcin awa ɗaya da rabi da yamma kafin ki fito. Kofi kuma a farkon dare kawai, don yakan kai awa 5 rabinsa bai bar jini ba, in kin sha shi a makare sai ki kwanta da safe ido biyu. Ni sai da na sa labule mai kauri, na riƙa kashe waya.

Ɗan Tiyata: Sista, maganin yara da nauyin jiki ake auna shi, kuskure kaɗan ya isa. In kai ya yi nauyi, kira abokiyar aiki ta duba lissafin. Ba abin kunya ba ne.

Sabuwar Nas: Na gode. Mu biyu ne kacal a kan gado 20, amma yau zan kira ta.