Wai me za mu rinƙa kiran moth da Hausa?

Jama'a a taimaka. A gurup ɗinmu na manoman rani na Dadin Kowa kullum sai an turo hoton ƙwaron da aka kama a fitila ana tambaya wannan ne mai cin masara ko ba shi ba, kuma kowa malam buɗe littafi yake rubutawa, alhali ba shi ba ne. Malam buɗe littafi da rana yake yawo, in ya sauka sai ya haɗe fukafukansa sama, ƙahonninsa sirara masu ɗan kulki a ƙarshe. Shi kuwa wannan ƙwaron, wato moth a Turance, yawanci da dare yake fita, fukafukan a kwance, jiki da kauri da gashi-gashi, ƙahon kamar zare ko gashin tsuntsu.

Wani baba daga Kumo ya ce a ce malam buɗe littafin dare. Baba Allah ya ƙara girma, amma sunan ya yi tsawo, kafin ka gama rubutawa tsutsa ta gama da gonar, kuma akwai waɗanda ke tashi da rana tsaka. Wata Hajiya ta kawo uwar tsutsa, ya min daɗi wlh, sai dai shi ma malam buɗe littafin ai tsutsa yake haifa.

Ni dai ina kan asu. Eh na sani, asu a wajenmu mai cin kaya ne a adaka, to amma shi ma ɗan gidan ne, kuma tsutsarsa ce ke cin tufafin ba mai fukafukan ba, daidai da abin da ke faruwa a gona. Sai mu ce asun masara ga wanda ya shigo mana daga nahiyar Amurka a 2016, asun tumatir ga Tuta absoluta da manoma ke kira sharon, asun wake ga Maruca mai huda kwanson wake.

Amma fa suna kaɗai ba zai raba gardamar hoto ba. Asun masara da ɗan'uwansa na nan Afirka duk ruwan ƙasa-ƙasa ne, namijin na Amurka yana da ɗan fari a bakin fiffike, macen kuwa ba wata alamar kirki, in hoton dare ne da filashin waya sai dai canki-canki. Wasu ma masana sai sun feɗe su a maikiroskof suke tabbatarwa. Shi ya sa nake ce wa mutane ku ɗauko tsutsar, ita ce mai sauƙi: alamar Y a kife a kanta, da ɗigo huɗu baƙaƙe a murabba'i kusa da wutsiya. In kuma dole mai fukafukan za a ɗauka, daga sama, da hasken rana, a aje ashana a gefe a ga girmansa.

Yanzu haka mutum biyu sun fara rubuta asun masara a gurup. Malaman Hausa, jam'in fa, asu zai zauna yadda yake ko yaya?