Musayar waƙa: Ango da amarya a bakin tekun Zanzibar

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan zaure. An ɗaura, an kai amarya, 'yan biki sun watse. Na samu hutun kwana biyar cikin Yuli, kuma Zanzibar muka nufa. Duk wanda ya taɓa zuwa da iyalinsa ya ba ni shawara, amma a waƙe. Amsa-amo "wa" ne. Wanda ya karya, tarar goro.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Ina neman sani a gun malami,
Ruwan da na sani na cikin rami,
Ga shi yau za ni ga babban ruwa.

Amarya na gefe tana murmushi,
Gida ya ɗauka da daddaɗan ƙamshi,
Turaren wuta bai bar garwashi,
Na ce mata shirya, muna da zuwa.

Zanzibar ake ta faɗi a gari,
Wai tsibiri ne mai yashi fari,
Ku ba ni labari, ku ba ni tsari,
Kar mu ƙare a ɗaki har ranar dawowa.

Bazazzagiya:
Allah ya ba da zaman lafiya, ƙanena. Bara muka je ni da Abban yara.

Ka fara da tsohon gari, ƙanena,
Stone Town, in ka ji sun kira suna,
Lungu cikin lungu, ba ya shan rana,
Mota ba ta da hanyar shigewa.

Ku bar taswira, ku ɓace da gangan,
Ku bi ta nan ku ɓullo ta can,
Sau uku muka ga masallacin nan,
Ina dariya, shi yana musawa.

Ga ƙyauren katako da aka sassaƙa,
Ƙusoshin tagulla jere an liƙa,
Ƙofa ta tsufa ta koma baƙa,
Tsayar da ita nan, ka ɗau hoton tunawa.

In ƙafa ta gaji ku nemi dakali,
Inda dattawa ke zaune da hankali,
Gahawa mai ɗaci a ɗan finjali,
Ana kashe ɗacin da guntun alewa.

In rana ta yi sanyi sai Forodhani,
Lambu a bakin ruwa, gwanin gani,
Samari na tsalle daga kan gini,
Su faɗa teku ana ta tafawa.

Da magariba sai a jera tebura,
Kifi da jatan lande, wuta ana hura,
Tsirensu mishkaki, yajin da saura,
Na gida ya fi shi, ba na ɓoyewa.

Abin da ya zauna min ruwan rake,
Da citta da lemun tsami ake
Matse shi gabanka ka sha nan take,
Kofi guda muka sha muna musanyawa.

Mutumin da a Zariya ko a hanya,
Yana gaba ina baya don kunya,
Ya kama hannuna gaban duniya,
Har muka kai masauki babu cikawa.

Sarkin Tsumulmula:

Kai ango, tsaya ka ji ta talaka,
Lefe bai gama da aljihunka?
Ga kuɗin jirgi zai bi ta kanka,
Ka biya dala don kallon ruwa?

In ruwa kake so ga Tiga kusa,
Ka cika tanki, ka sayi gurasa,
Da balangu mai zafi da 'yar albasa,
Kafin isha'i kuna hanyar dawowa.

Wancan ruwan ma gishiri gare shi,
Ba ya wanki, ba ya kashe ƙishi,
In ka kurɓa sai tari da nishi,
Ka sayi na gora kana tsakiyar ruwa.

Ɗan Fagge:

Sarki, na ji, Tiga ba laifi,
Na sha zuwa can cin soyayyen kifi,
Sai dai a can kafin in ɗaga kofi,
Ɗan unguwarmu ya zo gaisawa.

Wata ashirin ina zubin adashi,
Ban ci na kowa ba, ban ɗau bashi,
Burina in ga sawunta kan yashi,
A inda fuskarmu baƙuwa ce ga kowa.

Baba Na Damagaram:
Barka da arziki, ɗana. Ni sai da muka shekara 24 da Hajiya sannan na kai ta, shi ma yara ne suka haɗa mana kuɗin. Ban iya ƙwar huɗun nan taku ba, da ƙwar biyu na saba.

Ɗana, idan kun ƙoshi da tsohon birni,
Ku ɗau mota ku miƙe arewa.

Awa ɗaya da rabi sai ga Nungwi,
Dab da ita kuma sai ga Kendwa.

Yashin can fari kamar garin rogo,
Ƙafarka a ƙasan ruwa kana ganowa.

A Nungwi na iske masu haɗa jirgi,
Da gizago a hannu suna sassaƙawa.

Jirgin katako, yadi ɗaya a bisansa,
Iska kaɗai ke ja da turawa.

Irinsa ke kai kaya Maskat da Indiya,
Tun ba a ji ɗuriyar Turawa.

Na ce da mai jirgi gobe za mu,
Ya ce saa kumi, yatsu goma yana nunawa.

Goma na safe na sa babbar riga,
Hajiya ta ci ado muka je tsayawa.

Rana ta gasa mu, ba jirgi ba mai shi,
Hajiya na harara, ba ta tankawa.

Wani yaro ya ce Baba ka yi sammako,
Mu daga fitowar rana muke ƙirga awa.

Bakwai ɗinku ta safe ita ce ɗaya tamu,
Goma kuwa huɗu ce, la'asar na kawowa.

Da la'asar muka hau, aka saki yadi,
Ba ƙarar inji, sai ruwa na tsagewa.

Rana ta yi ja jawur kamar garwashi,
Ta sauka sannu, teku na haɗiyewa.

Hajiya da ba ta faɗin sunana tun aure,
Ta faɗe shi a hankali, iska na ɗaukewa.

Na ce me kika ce? Ta ce ba komai,
Ta ja mayafi tana rufewa.

Muka sauka muka yi magariba kan yashi,
Ni liman, ita sahu, babu kowa.

Bazazzagiya:
Baba ka sa ni hawaye a ofis, wallahi. A gaishe mana da Hajiya.

Ɗan Yawuri:
Baba ya yi arewa, ni bari in yi gabas.

Ni ɗan Yawuri ne, na san kogi,
Tun ina yaro nake tuƙa jirgi,
Amma teku bai yi mini ragi,
Ya nuna min kogi ƙaninsa ne kuwa.

Yuli da ka zaɓa ka yi dabara,
Babbar daminarsu a Maris ta fara,
Har cikin Mayu ruwa bai saurara,
Yanzu iskar kudu ce, kusi, ke kaɗawa.

Ta gabas akwai Paje da Jambiani,
Can ruwa kan janye har nesa da gani,
Sau biyu kullum, ango ka sani,
Ya tafi abinsa ya kuma dawowa.

In ya janye ku taka ku bi sawunsa,
Mata na noman ciyawar cikinsa,
Turaku da igiya sun kafa a ƙasansa,
Mwani ake ce mata, a shanya a kai sayarwa.

Ku sa takalmi in za ku tafiya,
Akwai wani mai ƙaya kamar bushiya,
Na taka shi ina yi wa Maman yara fariya,
Da allura ta kwana tana cirewa.

Akwai tudun yashi tsakiyar teku,
Daga birni a jirgi za a kai ku,
Nakupenda sunansa, in an tambaye ku,
"Ina son ki" ke nan in ana fassarawa.

Ba bishiya, ba gini, sai rumfa,
Ruwa na zuwa da farin kumfa,
Yana ɗan lasar yatsun ƙafa,
In ya ciko, tudun sai nutsewa.

Don haka ango faɗi taka da wuri,
Kar ka tsaya kame-kame da tari,
Teku bai san kara ba ko haƙuri,
Lokaci na yi sai tattarawa.

Ku biya Changuu ku gai da kunkuru,
Ƙattai ne da suka kwashi shekaru,
Huɗu aka kawo daga Seshels suka ƙaru,
Tun 1919 suke yaɗuwa.

Sarkin Tsumulmula:

Changuu ɗin nan na ji labarinsa,
Tsibirin Fursuna ne ɗaya sunansa,
Ango ya biya kuɗi da hannunsa,
A kai shi kurkuku da amarya tasa.

Ɗan Fagge:
Jama'a ku shaida, Sarki ya karya amsa-amo. Goro ƙwarya ɗaya, kuma fari.

Ɗan Yawuri:

A 1893 aka ɗauko aiki,
Fursuna ko ɗaya bai kwana ciki,
Killace baƙi aka yi da shi, Sarki,
Don kada annoba ta samu shigowa.

Anti Mai Lalle:
Kun taru kuna ta ba namiji shawara, ba wanda ya tambayi abin da 'yata take so. Bari in yi tata.

Ango, kwana guda ka bar mata,
Gonar kayan ƙamshi ka kai ta,
Abin da take daka a turminta,
Ta gan shi a reshe yana kaɗawa.

Kanumfari, kirfa, har da masoro,
A murza ganye a ba ka kamar yaro,
A ce canki sunansa, ba tsoro,
Ita za ta ci, kai kana faɗuwa.

Karafuu suke ce wa kanumfari,
Habari kuwa shi ne labari,
Asubuhi asuba ce, ku tashi da wuri,
Larabci ne ya mai da mu 'yan uwa.

A Kidichi, Sarkin Zanzibar Sayyid Sa'id da kansa,
Ya gina gidan wanka don matarsa,
'Yar gidan sarautar Farisa, abar sonsa,
Tun 1850 ginin bai san rushewa.

Kai ba gini muka ce ba, ɗana,
Je kasuwar Darajani da sauran rana,
Ka sayo kanga mai rubutun magana,
A bakin zanen suke bugawa.

Ka sa a karanta ma kafin ka biya,
Wata yabo ce, wata habaicin kishiya,
Kar ka naɗo wa amarya tsiya,
Kana washe baki kana miƙawa.

Lalle kuwa a yi ja, a bar piko,
Baƙin nan kan ci fata, ka ji ko?
Na ga hannun da ya tashi daren farko,
Aka ƙare hutu ana sosawa.

Garin Musulmi ne, ana kiran salla,
Hijabinta ba wanda zai kalla,
Wayarka kuwa ka kashe don Allah,
Abokan Fagge sa jira dawowa.

Amaryar Ɗan Fagge:
Ina wuninku iyayena da yayyena. Wayarsa na karɓa, yana nan yana roƙon in ba shi.

Iyayena, sannunku da ƙoƙari,
Na karanta duka tun daga fari,
Sai dai ango ya ɓoye labari:
Ni ko kwale-kwale ban taɓa hawa.

Tsoron ruwa nake tun ina ƙarama,
In za mu haye gadar Wudil da Mama,
Nakan rufe ido, jiki na kyarma,
Har sai an ce mini mun gama wucewa.

Jirgin Baba zan hau bisa sharaɗi:
Rigar ceto, ko nawa ne kuɗi,
Ya zauna kusa, in ya yi tangaɗi,
Hannun rigarsa nake damƙewa.

Batun kiran suna, Baba, da saura,
Hajiya sai da ta shekara 24 ta fara,
Shi ma a kan teku, iska na hura,
Ni ko lallen biki bai gama koɗewa.

Kanga na yarda, Anti, a sayo,
Ni zan zaɓa, kar shi ya ɗauko wayo,
In mai shago ya ce ga sabuwa ta iso,
Sai an fassara min kafin ɗaurawa.

Abin da nake so ba shi da tsada,
Da asuba mu fita bayan ibada,
Ya ɗau takalmina, ya saɓa al'ada,
In taka yashi, shi yana biyowa.

Ɗan Fagge:

Na ji, na karɓa, ranki ya daɗe,
Takalmi da jaka a hannu in haɗe,
Yashin ƙafarki ma ni zan kaɗe,
Sai dai kar hoton ya iso Kanawa.

Anti Mai Lalle:
'Yata, ki turo min shi ni kaɗai. Na san inda zan kai shi.

Sarkin Tsumulmula:

Tunda kun ƙi Tiga, a sauka lafiya,
Goron tara sai kun dawo zan biya,
Ku riƙo min kanumfari rabin tiya,
Uwargida ta leƙo, tana tambayar jirgi nawa.