Abin da tsofaffi suka rataya mana muna yara

Daga Daura: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina so kowa ya faɗi irin tsarin da ya gani ana haɗawa da itace ko tsiro a gidansu, tun masu sanin ma'anarsa ba su ƙare ba. Ni dai Inna ta rataya mini saiwar sanya, wadda take kira uwar magunguna, a ɗinke cikin jar fata, wai maganin mayu da iska. Ƙamshinta irin na man zafi ne, har rigata takan ɗauka.

Daga Maraɗi: Wa alaikumus salam Yaya. Mu ma akwai ta, sai dai tsohuwarmu takan ja kunnen iyaye mata kada su bar yaro ya kai ta baki, don saiwar tana da dafi. Ni wuri aka kitsa mini a gashi saboda kambun baka. Cewa take idon baƙo zai fara sauka kan farin wurin kafin ya kai ga fuskar yarinya.

Daga Zariya: Ni ɗan dukawa ne, a gaban Baba na tashi ina miƙa masa basilla. Mutum zai zo da ƙullinsa, Baba ya rufe da fatar akuya, ya ɗinke, bai taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Amma hannu ya saba, da taɓawa yakan gane. Abin da 'yan kasuwa suka fi kawowa shi ne kauci, tsiron nan da ke fitowa a reshen wata bishiya, saiwarsa ba ta taɓa ƙasa. Baba ya ce dalilinsu, yadda kauci ke manne wa tsamiya yana ci daga jikinta, haka suke fatan mai saye ya manne musu. Masu tsoron sammu kuwa tsiron da ake kira ƙaiƙayi koma kan masheƙiya suke kawowa. Wallahi ina jin takaicin yadda yanzu yaran gidanmu ba mai iya wannan ɗinkin, duk sun koma jaka da takalmi.

Daga Kano: Malam, Allah ya jiƙan Baba in ya rasu, in yana raye Allah ya ƙara lafiya. Namu kawu ne ya tsinke su ranar da ya dawo daga karatu, ya ce Falaƙi da Nasi sun ishe mu. A kan ra'ayinsa nake har yau, ban ɗaura wa 'ya'yana komai ba. Amma kukan da kakarmu Hajiya ta yi ran nan bai fita raina ba, don 'ya'ya da dama ta binne kafin mahaifiyarmu ta tsaya.

Daga Daura: Allah sarki, 'yar uwa, Allah ya gafarta mata. Saura gadali. Wa aka shuka wa a tukunya a bayan ɗaki, kuma me aka ce yana tsarewa?