Wace bishiya zan dasa a tsakar gida, tamu ta gargajiya ko darbejiya?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. Mun tare a sabon gida a bakin gari, tsakar gidan ba ko tsinke, rana tun ƙarfe goma take korar mu ɗaki. Ƙungiyarmu ta masu shuka tana da renon itatuwa a bayan makarantar firamare, kuma bana an ce duk mamba zai ɗauki guda biyu kyauta: tsamiya, madaci, kanya, magarya ko kuka. Maigidan ya ce shi darbejiya yake so don ta fi saurin inuwa. Tsakar gidan ƙaramar ce, sokawe yana kusurwar gabas, ruwa saye muke a wajen 'yan garuwa, akuyoyin maƙwabta kuma ba sa neman izini. Ranar Asabar za a raba. Wanda ya taɓa dasa irin waɗannan a cikin gida ya ba ni shawara don Allah.

Na Bakin Kasuwa: Wa alaikumus salam. Hajiya, mangwaro kawai. Inuwa ga 'ya'ya.

Malamar Firamare: Ta ce ruwa saye take yi, kai kana kawo mata mangwaro. Sannan ba ya cikin abin da ta lissafo.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji: 'Yata, cire madaci daga lissafi tun yanzu. Itace ne na bakin titi da filin makaranta, in ya girma ya fi ƙarfin ƙaramin gida, kuma masu neman magani ba za su bar ɓawonsa ba. Kanya da tsamiya suna da kyau amma ba sa gaggawa. Darbejiyar da maigidanki yake so ba tamu ba ce, daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, sai dai ta karɓi ƙasarmu, wannan gaskiya ne. Ko wacce kika zaɓa, ki bari ruwa ya zauna sosai, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. Rami ya kai kamu guda zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar sama da takin da ya ruɓe. Ɗanyen taki gara yake kira.

Ɗan Autan Inna: Tsamiya a tsakar gida? Hajiya, kin tambayi mutanen ɓoye ko za su riƙa biyan haya? Ni ko da rana ba na bi ta ƙarƙashinta.

Malamar Firamare: Amma kunun tsamiya da azumi kai ne kofi uku.

Mai Shagon Siminti: Ku bar wasa. Ni bishiya a cikin gida ta raba ni da maƙwabcin da muka tashi tare. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, reshen cediya ya yanko ya kafa a jikin katanga, kun san ita ko a reshe kamawa take. Ta yi inuwar da duk layin ake zuwa hutawa, a nan ake ɗaurin aure, a nan ake zaman makoki. Shi maƙwabcin nawa da kansa a nan yake shimfiɗa tabarma kullum bayan azahar. Ashe saiwa ta ratsa ta ƙarƙashin katanga ta shige masai ɗinsa. Wata damina bango ya tsage, ramin ya rufta. Bai zo ya same ni ba, sai kira na samu daga wajen mai unguwa. Aka ce in gina masa bango, in haƙa sabon rami, in sare bishiyar. Na yi duka ukun. Kuɗin da na tara don auren ƙanwata a nan suka tafi. Ranar da aka zo da injin yanka, mahaifiyarmu ɗaki ta shige ba ta fito ba sai dare. Yau a daidai wajen ya kafa rumfar kwano yana sayar da ƙanƙara, in mun haɗu a masallaci kowa sahunsa daban. Hajiya, ki zuba siminti a tsakar gidanki ki yi rumfa, ki huta.

Ɗan Autan Inna: Mai siminti ya ce a zuba siminti. Allah ya ba da kasuwa, Alhaji.

Mai Shagon Siminti: Yaro, ba ka san abin da ake kira asara ba tukuna.

Inna Mai Daddawa: Allah ya mayar maka da alheri, ɗana. Amma maƙwabcin nan bai kyauta ba. Da can in saiwa ta shiga gidan mutum, rami ake haƙawa a datse ta, ba a kai ƙara.

Na Bakin Kasuwa: Ni ban ga laifinsa ba. In da yaro ne ya faɗa ramin fa?

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji: Cediya, durumi, gamji da ɓaure duk dangi ɗaya ne, saiwarsu tana bin danshi duk inda yake. Ba a dasa su kusa da gini. Amma ba ko ɗaya a cikin abin da baiwar Allah nan ta ambata, kada ku tsorata ta.

Maman 'Yan Biyu: Na gode Baba. To tsakanin tsamiya da magarya fa? Kuma kejin kare shuka daga akuyoyi nawa ake yi yanzu?

Na Bakin Kasuwa: Keji na ƙarfe naira 8,000 na yi bara a wajen mai walda.

Malamar Firamare: An cuce ka. Na makarantarmu 3,500 aka yi mana kowanne.

Na Bakin Kasuwa: Da wane irin rodi? Wanda akuya za ta jingina ya lanƙwashe?

Inna Mai Daddawa: Ku da kuɗinku. Ƙayar aduwa da kara a kewaye, ba kwabo. Haka na raini magaryar da ke bayan ɗakina, yanzu in aka yi rasuwa a unguwa wajena ake zuwa ɗibar ganyen wanka. Sai dai ƙaya, 'yata, ga ki da ƙananan yara. Ni lalle zan ce ki jera a jikin katanga, ba ya neman ruwa da yawa in ya kama, ga ƙamshin furensa da yamma.

Bamaraɗe: Salamu alaikum. Mu a nan wajen Maraɗi ba dashe ne ya mayar mana da itatuwa ba. Tun wajen 1983 aka fara abin da muke kira sassabin zamani: kututturen da ke tsirowa a gona, maimakon a sassabe shi duka, sai a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi a datse sauran. Saiwar tana nan a ƙasa tun da daɗewa, ba ta buƙatar ban ruwa. Hajiya, tunda gidan a bakin gari yake, da gona ce. Ki duba da kyau, ƙila akwai kalgo ko sabara ko gawo yana ƙoƙarin fitowa kina sharewa. Kukar kuma ki karɓa. Mata a nan suna shuka ta a fangali kamar alayyafo, suna tsinkar ganye tun tana ƙarama, ba sa barin ta ta yi tsawo.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji: Gawo na gona ne. Da damina yake zubar da ganye, shi ya sa gero yake yi a ƙarƙashinsa, amma a gida ga ƙaya ga girma. Ku riƙa barin wanda ya karanci abu ya yi magana.

Inna Mai Daddawa: Malam, da girmanka. Itacen turaren nan da kuka cika mana bakin fadama da shi, masu karatu ne suka kawo ko mu? Rijiyoyin wajen ka je ka leƙa.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji: Inna, wannan umarni ne daga sama, ba mu muka zaɓa ba.

Malamar Firamare: Ai matsalar ke nan, daga sama. Duk shekara a zo da motoci da 'yan jarida, babban baƙo ya dasa ɗaya a tafa, a bar mana sauran a leda a rana. Ba keji, ba kuɗin ruwa. Yaran aji shida ne ke ɗauko ruwa a galan daga gidajensu. Waɗanda ƙungiya ta dasa a hanyar maƙabarta sun fi rayuwa, don kowace bishiya an damƙa ta ga gida ɗaya.

Mai Shagon Siminti: Su rayu masu gawayi su zo. Kiryar da ke hanyar gonarmu, wadda kakanmu ya tarar, dare ɗaya aka kwantar da ita. Marke ma sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga ɗaya.

Inna Mai Daddawa: Ɗorawa fa? Kalwar da nake daddawa yanzu daga kudu ake kawo min, wasu ma sun koma waken suya.

Na Bakin Kasuwa: To da me talaka zai dafa tuwo? Ku faɗa min kuɗin gas yau. Buhun gawayi 7,000 na saya.

Ɗan Autan Inna: 7,000 a ina? A layinmu 10,000 ne, kuma rabinsa gari.

Maman 'Yan Biyu: Jama'a, Asabar fa jibi ce. Maigidan ya riga ya aiki yaro ya tono darbejiya daga gindin ta masallaci.

Na Bakin Kasuwa: Auta, buhun shinkafa kake nufi ko babban buhu? Don akwai bambanci.