Yaushe ne ya kamata mutum ya rubuta ciwo "mai tsanani"?

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Salamu alaikum jama'a, tambayata ga ma'aikatan lafiya da ke nan. Ni ke rubuta sanarwar neman taimako ta ƙungiyar matasan unguwarmu, wadda muke sawa a Facebook da WhatsApp. Yanzu akwai yarinya 'yar shekara 2 da aka ce tamowa gare ta, uwar ta kawo mana katin asibiti. Shugabanmu ya ce in sa "tamowa mai tsanani" wai mutane sun fi sa hannu a aljihu in sun ga haka, ni kuma raina bai kwanta ba don katin bai ce haka ba. Shin mataki ne da ake aunawa ko ko dai magana ce kawai?

Maman Hanifa, Anka:
Wa alaikumus salam ƙanena. Mataki ne, ana aunawa, ni aikina kenan a ɗakin yara. Akwai ɗan tef mai launi uku da muke naɗawa a damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, wannan ita ce tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 ruwan ɗorawa ne, matsakaiciya. Haka in ƙafafu biyu sun kumbura ka danna da babban yatsa ka ɗauke wurin ya zauna a lotse, mai tsanani ce ko da tef ɗin bai nuna ja ba, kuma irin wannan ne ke yaudarar iyaye su ɗauka yaro ƙiba ya yi. Ka ce uwar ta koma ta tambayi wanda ya auna wane launi ya fito, abin da ya faɗa shi za ka rubuta. In ja ne ma kar ku tsaya jiran kuɗi ya taru, a fara ba ta abincin nan na leda da ake yi da gyaɗa, in ba ta iya ci a kwantar da ita.

Malam Na-Gwandu:
Hajiya gaskiya kinka hwaɗi, amma mu da ba mu yi karatun asibiti ba, in munka ga yaro ya rame har haƙarƙari ya hito ai dole mu ce abin ya tsananta. Ban ga laihi ba ga wanga.

Maman Hanifa, Anka:
Malam babu laifi ka ce jikin ya tsananta, ka faɗi abin da idonka ya gani ne. Matsalar sai an manna kalmar a jikin sunan cutar, nan ya zama kamar likita ne ya yanke. Ko zazzabin cizon sauro haka ne, ba zafin jiki da ciwon kai ke sa mu ce mai tsanani ba, sai in akwai jijjiga ko suma ko jini ya yi ƙasa sosai ko fitsari ya yi duhu, shi ne ake fara allurar artesunate maimakon ƙwaya. In kowa na rubuta shi a kowane zazzabi, ranar da na gaskiya ya zo mutane za su wuce abinsu, wannan ne ke ci min rai wallahi.

Abban Sadiq, Talata Mafara:
Ƙarin da zan yi, ku daina haɗa mai tsanani da mai daɗewa. Sikila, hawan jini, ciwon suga, duk mutum na rayuwa da su shekaru, wani da hawan jininsa yake zuwa kasuwa kullum yana shan maganinsa lafiya lau. Kwalara kuwa a wuni ɗaya take kayar da ƙato. Ko a yaran ma tsumburewa daban take da ramar da Hajiya ke aunawa, ita tsumburewar a hankali take ginuwa. Ɗan Tudun Wada ka rubuta shekarun yarinyar da abin da katin ya ce da abin da ake buƙata, kuma ka nemi izinin iyayen kafin ka sa hotonta.

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Na gode Hajiya, na gode Yaya, Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allah zan raka uwar asibitin mu ji launin da ya fito, sai in kai wa shugaba.